Takardun da Suka Saura Bayan Kiɗa Ya Tsaya

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, iyaye da 'yan'uwa, na gode da kuka zo.

Wasu na tara tambarin wasiƙa, wasu tsofaffin kuɗi. Ni kuwa abin da ya kama zuciyata shi ne 'yan littattafan tsarin biki da aka buga don manyan bukukuwan kiɗa na Amurka da Ingila a ƙarshen shekarun 1960, zamanin da matasa suka tara suma, suna adawa da yaƙin Biyetnam, ƙwayar maye ta LSD kuma ta shiga kiɗansu da zanensu. Ku dubi rubutun fastocin lokacin, irin na mai zane Wes Wilson a San Faransisko. Haruffa sun lanƙwashe kamar hayaƙi, sai ka natsu kafin ka karanta.

Mu fara da bikin Monterey, a jihar Kalifoniya, 16 zuwa 18 ga Yunin 1967. A nan Jimi Hendrix ya cinna wa gitarsa wuta. Ravi Shankar daga Indiya ya yi wasa, haka ma Otis Redding da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu. Wata shida bayan nan Redding ya rasu a hatsarin jirgin sama. Duk sanda na ga sunansa a takardar bikin, jikina yakan yi sanyi.

Amma bikin Woodstock nake so mu daɗe a kai. A garin Wallkill aka fara shirya yin sa, hukumar garin ta hana, aka koma gonar Max Yasgur a Bethel, jihar New York. Fastocin farko suna nan ɗauke da sunan Wallkill, inda ba a kaɗa ko ganga ba. An yi tallar kwana uku, 15 zuwa 17 ga Agustan 1969, amma ruwan sama da jinkiri suka sa Hendrix bai hau dandamali ba sai safiyar Litinin, 18 ga wata. An buga sunan ƙungiyar mawaƙa ta Iron Butterfly, suka maƙale a filin jirgi. An buga na ƙungiyar Jeff Beck, ta watse kafin ranar. John Sebastian kuwa, da ba ya cikin tsari, ya rera waƙa. Kun ga ke nan, niyyar masu biki takardar take faɗa maka, abin da ya faru kuma sai ka nemo a bakin waɗanda suka je. Wannan ratar ce ta sa nake ƙaunar takardun nan.

Mutane wajen dubu 400 suka taru, shinge ya faɗi, shiga ta zama kyauta. Shi ya sa tikitin da ba a yaga ba ya yi yawa a kasuwa, kada wani ya ruɗe ku da shi. Littafin tsarin bikin ma an sake buga shi daga baya. Ku sa gilashin ƙara girma ku duba, hoton sabon bugu yakan yi dishi-dishi domin daga tsohon aka kwafo shi. Ku kuma tambayi hannun da ya fito. Ni kam na fi son mai tabon laka a kan wanda ya fito fes daga kwali.

Wata ɗiyata can baya ta tambayi yadda ake adanawa. Nesa da rana, nesa da laima, a kwance, kuma a kula da gara da kyankyasai. Wayar ɗinkin tsakiya takan yi tsatsa ta ci takarda, ku riƙa dubawa. Don Allah kada ku kai a manne littafin da leda mai zafi, domin ba ta ɓaruwa.