Tuƙi a ƙasar da ba taka ba: laccar da aka yi wa direbobi a Maraɗi

Assalamu alaikum. Ƴan uwa, abu uku zan faɗa, in sha Allahu.

Na farko, takardu: permi ɗinka na Nijar, wato lasin tuƙi, kart giriz, wato takardar rajistar mota, asurans, wato inshora, da permi na ƙasa da ƙasa wanda yarjejeniyar Janeba ta 1949 da ta Biyana ta 1968 suka tsara. Wannan na ƙarshen ba ya aiki shi kaɗai, sai da na gida a gefensa. Mu wuce.

Na biyu, hannu. Mu nan dama muke bi. Ingila, Indiya, Japan, Kenya, Afirka ta Kudu, duk hagu suke bi. Sitiyari yana dama, giya da hannun hagu ake sa ta. Malam na can baya, kana ji ko waya ta ɗauke ka? To. Mutane cunkoso suke tsoro, alhali a cunkoso motar gabanka ce jagorarka, bi ta kawai. Ni abin da ke tayar min da hankali shi ne asuba. Ka fito daga gidan mai, titi fayau, ba kowa, hannu ya koma abin da ya saba tun Maraɗi, sai ga ka a layin masu tahowa. Titi fayau! Wallahi shi ne mugun. Shataletale ma haka: can ta hagu ake shiga, kuma wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya. Ku riƙe wannan, in motar ƙasar ce kake tuƙawa: direba yana kusa da tsakiyar titi, fasinja yana gefe. Ka ga kwata a kusa da kafaɗarka, ka ɓata, koma nan take. Titi fayau fa, kada ku manta. Sannan allon gudu a Ingila mil ne, in ka ga 70, kusan kilomita 112 ke nan.

Na uku... Na'am, Alhaji?

"Malam, mu da Katsina da Kano muke zuwa fa?"

Madalla da tambaya. Najeriya ta bar hagu tun 1972, Gana a 1974, don haka daga Ɗan Isa zuwa Jibiya hannunka bai canza ba. Amma hukumarsu ta kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana duba bel, da abin kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa in mota ta lalace. Ku duba su tun a tasha, Alhaji, kafin ku ɗauki fasinja.