Jawabin Maraba Ga Jakadiya Nimi Akinkugbe

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu, 'yan'uwa 'yan kasuwa maza da mata, barkanmu da yau. Ranki ya daɗe, a madadin ƙungiyarmu ta adashi da ba da rance, muna yi miki lale marhabin.

Baƙuwarmu ta yi karatu a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, ta kuma shafe fiye da shekara 20 tana aikin banki. A bankin Stanbic IBTC ta shugabanci sashen kula da dukiyar manyan attajirai, daga nan ta koma Barclays. Ilimin da attajiri ke biya a ba shi a ofis, shi ta ɗauko ta baza wa kowa a shafinta na jarida, "Money Matters with Nimi". A 2012 kamfaninta, Bestman Games, ya fito da wasan Monopoly (wasan saye da sayar da kadarori) na birnin Legas, na farko da aka yi wa wani birni a Afirka. Daga bisani ta wakilci Najeriya a matsayin jakadiya a Girka.

Ranki ya daɗe, ga inda ƙaya ke sukar mu. A adashi, mai kwasar farko ya ci rance ba ruwa. Mai kwasar ƙarshe kuwa, a shekara irin 2024 da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuɗinsa kan iso hannunsa sun rage daraja, in ma wani bai daina zubi ba bayan ya kwashe nasa. Kuɗin da ke hannun uwar adashi ba su da inshora, alhali tun 2024 hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ke lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki. Da yawanmu dai na gudun banki saboda riba, shi ya sa muke so ki yi mana bayanin Sukuk, takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2017.

Sai batun tsufa. Ma'aikaci ana cire masa kashi 8 na albashi domin fansho, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Tela da mai ƙosai fa? An buɗe musu ƙaramin tsarin fansho a 2019, amma kaɗan ne a zauren nan suka san yadda ake rajista.

Bismillah, ranki ya daɗe, fili naki ne.