Daga Jere Zuwa Kujerun Turkiyya: Wane Salo Ne Ke Zama a Ɗakin Ƙauye?

[Hoto: ƙofar ɗaki, iska na kaɗa sabon labule. Ana jin hayaniyar mata a tsakar gida.]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Hayaniyar da kuke ji a bayana ta 'yan kafi ce. Gobe in Allah ya kai mu za a kawo amarya wannan ɗakin, a wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Taura. Tun hantsi gwaggonni da yayyen amarya ke ta kai-kawo a kan magana ɗaya: ina za a sa madubi? Gado ya shiga. Wadirob ma ya shiga, amma sai da aka cire ƙyauren ɗakin. Madubi da kujeru biyu kuwa ga su can gindin darbejiya, an lulluɓe su da tsohon zani, awaki na shinshinawa.

Kafin mu ga laifin kowa, mu ɗan yi lissafi. Ɗakin nan ƙafa 12 ne a tsaye, ƙafa 12 a kwance, irin wanda magina suka saba fitarwa. Gadon da ake yayi yanzu ƙafa 6 ne ta kowane ɓangare. Ke nan gado shi kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin, ban da allon kansa da durowoyin gefe. Wadirob ya ɗauke ƙafa biyu daga bango, yana neman wasu biyun don ƙofarsa ta buɗe. Ga saitin kujeru: mai zaman mutum uku, mai zaman biyu, da masu ɗai-ɗai guda biyu. To ina za a shimfiɗa sallaya? Wannan tambayar ce ba a yi ba ranar da aka miƙa wa kafinta waya aka ce masa, "Irin wannan muke so."

Duk salon adon ɗakin da kuke gani a TikTok ko Instagram yana da garinsu, akwai kuma yanayin da ya haife shi. Yau asalinsu za mu bi, mu ga wanne ke iya kwana da ƙurar hunturu da zafin bazara.

[Hoto: kujeru masu sassaƙa, an shafe su da ruwan gwal.]

Mu fara da wanda ya fi tashe, wanda kafintoci ke kira na sarauta, wasu su ce ɗan Turkiyya. Kun san shi: allon gado mai tudu kamar rawanin hakimi, kujeru masu lanƙwasassun ƙafafu, yadin karammiski, labule hawa biyu, da fitilar nan mai tarin ƙwayaye tana reto daga sama. Asalinsa fadojin sarakunan Turai ne, musamman Faransa. A shekarar 1682 Sarki Louis na 14 ya tare da fadawansa a fadar Versailles, kusa da birnin Paris. Zaure ɗaya a cikin fadar, wanda ake kira zauren madubai, tsawonsa mita 73, da madubi 357 a jikin bango. Ɗakin amaryarmu bai cika mita huɗu ba. Daga baya sarakunan Daular Usmaniyya suka ɗauki salon, suka gina fadar Dolmabahce a Istanbul, aka kammala ta a 1856. Yau garin Inegol, kusa da Bursa, ya yi suna wajen ƙera irin waɗannan kayan. 'Yan kasuwa su sauko da su Kano, kafintocinmu su duba su kwaikwaya.

Kyau dai yana da shi, wannan ba gardama. Amma an yi shi ne don gidan da ke da fili da masu goge-goge. Kowane lungu na sassaƙar nan masauki ne na ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ki goge da safe, kafin la'asar ki rubuta sunanki da yatsa a hannun kujera. Watan Afrilu kuma, zafi ya haura 40 a ma'auni, wa ke marmarin zama a kan karammiski? Baƙuwa za ta zauna minti biyar don kunya, sai ki ga ta zame ta sauko ƙasa.

Ga kuma abin da ba a faɗa a wurin ciniki. A na arahar, abin da ido ke ɗauka sassaƙa ce sau da yawa roba ce aka zuba a mazubi, aka manna a kan allon MDF, wato garin katako da aka haɗa da gam aka matse. Wannan allon ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Damina ɗaya ƙasan ɗaki ya yi danshi, ƙafar wadirob ta kumbura ta fara marmashewa kamar ƙuli-ƙulin da ya jiƙa. In za ku saya, ku ƙwanƙwasa ku ji, ku leƙa bayan allon inda ba a yi fenti ba, sannan ku ce a ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe ko na roba, kada ya taɓa ƙasa. Gara biyu ce ke shiga ɗakin amarya: wadda dangi ke kawowa a buhu, da wadda ke fitowa ta ƙarƙashin bango ba sallama.

[Hoto: tsohuwar kabad cike da kwanuka masu fure, an jera su hawa-hawa.]

Yanzu ga namu. Mutane kan ɗauka jere al'ada ce kawai. A'a, salo ne cikakke, mai tsari da dalili, kuma shi ma ya yi ta sauya riga. Kakannin kakanninmu ƙorai suke jerawa, masu zane, da faya-fayai masu launi, da akushi, wasu a rataye a ragaya. Mai hali ta sa tasoshin tagulla, irin waɗanda Nupawan Bida suka shahara da ƙerawa. Zamanin Turawa kwanon sha mai fenti ya shigo, sai aka koma langa da fanteka da kumbo da samira. Bayansu tangaran da kofunan gilashi suka hau kabad, kabad ta ba dibaida wuri. Yau kuma kuloli ne da tukwane masu murfin gilashi, an kwashe su an kai kicin.

Ku dubi yadda tsohon jeren yake aiki. Sama yake hawa, ba ya cin tsakar ɗaki. Babba a ƙasa, ƙarami a bisa, saiti-saiti har kusa da rufi, launi na bin launi. Gadon ƙarfe mai rumfa an ɗaga ƙafafunsa a kan bulo ko gwangwanaye, ƙarƙashinsa ya zama ma'aji. Tsakiya kuwa fayau, tabarma kawai. Gara ba ta cin kwano. Ƙura ta hau, ruwa da toka sun isa. Duk wadda ta zo ganin ɗaki kuma tana karanta bangon nan kamar allo: wannan saitin daga dangin uwa, wancan daga gwaggo, wancan na adashin da inna ta shekara biyu tana zubi.

Abin da ya fi burge ni shi ne jere asusu ne. Kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata, in zama ya ƙi da abinta take tafiya. Ina tuna wata shekara da damina ta yi gardama, kakata ta hau kan turmi ta sauke saitin samira ɗaya daga can sama, ta goge shi da gefen zaninta, ta ba dillaliya. Da yamma aka shigo da gero. Gurbin ya zauna a bangon kamar wawulo har kaka ta zagayo, ta sayar da gyaɗarta ta cike shi. Ku gwada kai kujerar MDF mai shekara uku wurin dillaliya, ku ji abin da za ta taya.

Ba ina cewa a koma tara kwano ɗari ba ne. Wanke su kaɗai aikin yini ne, kuma kyankyasai na son bayansu. Dabarar nake nufi: a yi sama da kaya, a bar ƙasa ga mutane.

[Hoto: katifun zama jere da bango, da matasan jingina, da darduma a tsakiya.]

Salon da ya fi kusa da jininmu cikin baƙin shi ne zaman ƙasa irin na Larabawa, majalisi. Alhazai sun daɗe suna ganinsa a Makka da Madina. A 2015 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke adanawa, da sunan Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Oman da Katar. Soso ne mai tauri a bi bango da shi, matasan jingina a baya, darduma a tsakiya. Inda saitin kujeru ke ɗaukar mutum bakwai, wannan zai ɗauki goma sha, ranar suna ma a matsa a ƙara. Dare ya yi, baƙo ya miƙe a kai ya yi barci. Rigar soson a sa mata zif, a cire a wanke. Kafinta ma ba lallai ba ne: soso, yadi daga Kantin Kwari, da telan unguwa. A ƙara tumtum biyu na dukawa, aikin fatar da tun zamanin fatake ake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko. Aibinsa ɗaya, tsoho mai ciwon gwiwa yana shan wuya wajen tashi. A ajiye masa kujera guda mai tsayi a kusa da ƙofa.

[Hoto: farin ɗaki, gado marar ado, taga babba.]

Sai salon taƙaita kaya, wanda 'yan boko ke so. Rassa biyu ne suka fi shahara. Na Japan, inda ake shimfiɗa wata tabarma mai kauri da suke kira tatami, har da yawanta ake auna ɗaki, a ce ɗaki mai tabarma shida. Shimfiɗar barci a naɗe ta da safe a sa a ma'aji. Wannan ai kamar a gidan Malam aka ɗauko shi, buzu da tabarma da allo a jingine. Ɗaya reshen na ƙasashen arewacin Turai ne, irin su Suwidin da Denmak, wanda kamfanin IKEA da aka kafa a 1943 ya yaɗa a duniya. Farin bango, farin katako, manyan tagogi ba labule mai kauri. Dalilinsu? A birnin Stockholm, cikin Disamba, hasken rana wajen awa shida ne kawai a yini. Farautar haske suke yi. Mu kuwa gudunsa muke. Ka buɗe babbar taga ta fuskanci yamma a Gumel ko Kazaure, ka mai da ɗakinka tanda. Farin bango kuma, daga ƙasa zuwa tsayin yaro, sati biyu ya isa ya zama taswirar hannuwa. Shi ya sa masu fenti ke raba bango biyu: ƙasa fentin mai wanda ake gogewa, mai ɗan duhu, sama mai haske. Ƙarancin kayan za mu ara, ban da farin.

Akwai ma wani wai shi salon masana'anta, wanda ya samo asali a New York lokacin da masu zane suka tare a tsofaffin masana'antu: bulo ba filasta, ƙarfen rufi a waje, waya na bin bango. Wannan kam ba sai mun koya ba. Rabin ɗakunan samarin garinmu haka suke, sai dai mu "ba a ƙarasa ba" muke ce masa.

[Hoto: cikin tsohon soro, kyamara na bin bakan gizo zuwa tsakiyar rufi.]

Duk wannan maganar kaya ce. Amma rabin daɗin ɗaki a jikin gininsa yake. Ku shiga Gidan Makama a Kano, ko wani tsohon soro a garinku, da tsakar rana. Sanyin da zai tare ku ba na fanka ba ne. Katangar tubali mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, sai dare ta sake shi. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba, ba ta jure nauyin ƙasa in tazara ta yi yawa, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, ado ya fito daga cikin larura. A tsakiyar rufin sau da yawa za ku ga an kafa kwano ko tasa guda tana ƙyalli. Bango a shafe shi da farar ƙasa, a zana dagi a saman ƙofa. Ƙasa kuma daɓe: mata su taru da madaɓai suna waƙa, a yayyafa ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, har ya yi jawur yana sheƙi.

Yanzu bulo da rufin kwano sun karɓe gari, kuma kwano ba silin gasa mutum yake yi. Kafin a sayi fitila mai reto, a fara sa silin. Masu son na POP su tabbata rufinsu ba ya yoyo, don farar hodar nan da ruwa ba sa ga maciji: ta yi tabo, ta tsage, wata rana ta rufto. Inda ake shakkar rufi, silin roba ya fi kwanciyar hankali. A bar ƙananan tagogi biyu suna kallon juna iska ta ratsa, a sa musu raga. Kafet mai gashi daga bango zuwa bango kuwa rumbun ƙura ne. Tayil ko leda, da darduma ƙarama da za a iya fitarwa a kakkaɓe, sun fi.

[Hoto: an dawo ɗakin amarya. La'asar ta yi.]

Bari mu leƙa 'yan kafi. Babbar gwaggo ta yanke hukunci tana daga zaune: "Ke 'yar nan, kira yaron can ya kwance madubin daga jikin durowarsa, a kafa shi a bango. Durowar ta tafi ɗakin uwar miji." Yayar amarya ta ɓata rai. "Haba Gwaggo, dangin ango fa za su ce saitin bai cika ba." Gwaggo ta ce, "Su ce. Su za su kwana a ciki?"

Kujera mai zaman uku da mai zaman biyu sun samu wuri. Masu ɗai-ɗai ɗin nan biyu an ce a kai su zaure kafin a ga abin da hali zai yi, yara har sun fara rigimar wanda zai ɗauka. Yanzu saura a nemo wanda zai mayar da ƙyauren kafin magariba.