Ina aka baro Althea Gibson?

Jama'a masu sauraro, duk shekara idan gasar Wimbledon ta zagayo, sai ka ji ana ba da tarihin baƙaƙen fata a wasan tanis kamar daga Venus da Serena Williams ya fara. Abin nan ya ishe ni. Ina aka baro Althea Gibson?

Matar nan an haife ta a 1927 a jihar Carolina ta Kudu, ta tashi a unguwar Harlem a New York. Sai da ta kai shekara 23 kafin a bar ta ta taka filin gasar ƙasa ta Amurka, a 1950, shi ma sai da tsohuwar zakara Alice Marble ta fito ta rubuta wasiƙa a mujalla tana kunyata masu shirya gasar. Ba don ba ta iya ba aka tsare ta. Don launin fatarta ne kawai.

Da aka buɗe mata ƙofa fa? Ta ci gasar Faransa a 1956. Ta ci Wimbledon da ta Amurka a 1957, Sarauniya Elizabeth da hannunta ta miƙa mata kofin Wimbledon. Ta sake cinye duka biyun a 1958.

Wasu za su ce manyan kofuna biyar ne kacal, Serena kuwa 23 gare ta. Haba! A ɗaure mutum shekara da shekaru, sannan a zo ana ƙirga masa taku? Kuma a zamaninta waɗannan gasanni ba sa biyan ko sisi, sai a 1968 aka fara ba da kuɗi. Ko sisi, jama'a! Tana kan ganiyarta ta ajiye wasan a 1958, domin kofi ba ya biyan kuɗin haya. Ta koma wasan nuna gwaninta don neman na abinci, daga baya ta shiga wasan golf, inda wasu kulob-kulob suka hana ta ko shiga ɗakin canza kaya.

Da tsufa da rashin lafiya suka same ta, sai da abokiyar wasanta Angela Buxton, 'yar Ingila, ta nema mata taimako wurin jama'a. Althea fa, zakarar Wimbledon har sau biyu ke nan! Ta rasu a 2003, kuma sai a 2019 hukumar tanis ta Amurka ta ga damar kafa mutum-mutuminta a filin gasar Amurka da ke New York. Shekara 16 bayan rasuwarta. Me suke jira duk tsawon lokacin nan?