Amsoshin Tambayoyinku: Mai juna biyu da shan ruwa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Maradi. Wasiƙunku sun taru, lokaci kuma ba ya jira, saboda haka ni da ungozomar da ke tare da mu za mu shiga ciki kai tsaye.

Wata baiwar Allah daga Tibiri tana tambaya ko ruwan sanyi yana sa wa ɗan da ke ciki mura. A'a, ba ya sawa. Na randa ne ko na firji, in dai mai tsabta ne, ki sha abinki.

Wani magidanci daga Dakoro ya ce maiɗakinsa tana shan shayi sau uku a yini, ko ya wadatar? Malam, shayi na ƴan fada ne, ka sha naka ka bar mata ruwa, domin shayi mai kauri yana rage wa jiki amfanin maganin ƙarin jinin da ake ba ta wurin awo.

Ga wadda ta fi yawa, ta zo daga Madarunfa da Tasawa da nan unguwar Zariya. Wata mai cikin wata bakwai ta ce ƙafafunta sun kumbura, fitsari ya hana ta barci, uwar mijinta kuwa ta ce ta rage shan ruwa. Malama, me za ki ce mata?

"To, ƴar uwa, kafin haihuwa jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin abin da yake a da, ruwan da jariri ke kwance a ciki kuma yana kaiwa wajen mililita 800 a wata na takwas, duka biyun kuwa suna buƙatar ruwan da kike sha. Abin da ke damuna ma shi ne matan da ba sa zuwa awo sai ciki ya tsufa, ga su da ciwon mara, ga bayan gida ya bushe..."

Malama, a gafarce ni, kumburin fa?

"Nauyin mahaifa ne ke danne jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafafu. Ta riƙa kwanciya a ɓangaren hagu, ta ɗora ƙafa a kan matashi idan ta zauna."

Bari in maimaita, domin iyayenmu mata da ke kusa da rediyo su ji, tare da girmamawa: rage ruwa ba ya sauke kumburi. Kada a rage. A sha lita 2 zuwa 3 a yini, wato ledar ruwa ta rabin lita huɗu zuwa shida, a ƙara a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura maki 40, musamman ga mai daka ko mai tsayuwa a bakin murhu. A sha da yawa da rana, a sassauta bayan magariba, barci zai samu. Ki duba fitsarinki: idan ya yi haske, kin sha isasshe, idan ya yi ja da wari, akwai saura. Amma idan fuska da hannuwa suka kumbura har zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai, ga gani yana dishi-dishi, wannan alamar hawan jini ce mai iya kaiwa ga jijjiga, a tafi asibiti a ranar, ba sai an jira ranar awo ba.

Mai laulayi daga Gidan Rumji, ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, idan amai ya hana ruwa zama a cikinki yini guda, ki nufi likita. Tambayar Mayahi a kan kunun kanwa kuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.