Masu gandun dashe da ƙawata gidaje: aiki a shekarar da marka ta yi yawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga nan Ingila nake magana, amma zancen yau na gida ne. Da ku nake, 'yan uwana masu gandun dashe da masu ƙawata gidaje, makarantu da masallatai a ƙauyukan Kano da Jigawa, musamman na yankin kogin Haɗeja, su Ringim, Taura, Auyo, Miga da Kafin Hausa. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ba sai an yi masa dogon bayani ba. A sana'ar nan kullum tunaninmu ina za a samo ruwa. To shekarar da marka ta tsananta, abin tambaya shi ne ina ruwan zai bi ya fita, kuma kafin a sa shuka a ƙasa ake amsawa.

Kafin ka yi wa mai gida ciniki, gwada ƙasarsa. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bar shi ya tsotse, ka sake cikawa. Na biyun shi ne gwajin. In ya ƙafe cikin 'yan awanni, ƙasar jigawa ce, ba ka da damuwa. In ka dawo washegari ka tarar da ruwa kwance, laka ce ko kuma ruwan ƙasa ya taso, kuma duk ramin dashen da ka haƙa a wurin tukunya ce kawai ka yi wa saiwa. Saiwa tana numfashi. Ruwa ya cika ƙofofin ƙasa, iska ta ƙare, sai ta fara ruɓewa. Abin haushin, ganyen yakan yi rawaya ya lanƙwashe tamkar na shukar da ƙishi ya kama, sai yaron gida ya ɗauko bokiti ya ƙara mata. Tona gefen gindin ka duba: lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce, tana saɓulewa a hannu, tana wari.

A irin wannan wuri kada ka yi rami mai zurfi. Tara ƙasa ka yi tudu mai tsayin santimita 25 zuwa 30, faɗinsa kamar mita ɗaya, ka dasa a kai, wuyan shukar daidai da yadda yake a leda. Kwarin da muke zagaye gindi da shi don riƙe ruwa a rani, fasa shi har sai damina ta ja baya.

Zaɓen iri ma a nan ake cin riba ko a faɗi. Gwanda da zogale ba sa jure kwanciyar ruwa ko kaɗan, gwanda kwana biyu a cikin ruwa ya ishe ta. Lemo yana kamuwa da ruɓewar gindi. Darbejiya da muke gani kamar ba ta mutuwa, ita ma ba ta son ƙafarta a ruwa. Gwaiba da bishiyar turare su ne masu haƙuri, sai dai turare a nisanta shi da gini da rijiya. In gefen fili ne ruwa ke zaizayewa, jera ciyawar jema a layi, tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu, saiwarta na nutsawa ƙasa sosai ta riƙe gaɓa.

Yanzu magudana. A nan Ingila ruwan sama yayyafi ne mai daɗewa, shi ya sa bututun da ake binnewa yake wadatar da su. Namu na Agusta a awa guda yake juye abin da zai juye, don haka wanda ya kwaikwayi bidiyon Turawa ya binne bututu kaɗai zai sha mamaki. Fara da gangara: ƙasa ta sauka aƙalla santimita 2 a kowace mita daga jikin bango, in ginin ƙasa ne ma a ƙara. Igiya da tiyon awo, wato siririn tiyo mai ruwa a ciki da magina ke daidaita tsayi da shi, sun isa, ba sai da na'ura ba. Ƙarƙashin indararo a zuba tsakuwa ko a yi daɓe, sannan buɗaɗɗiyar kwata ta kwashe ruwan sama. Bututun binnewa na ruwan da ya rage cikin ƙasa ne: rami mai faɗin santimita 30, zurfin 50 zuwa 60, gangarar santimita 1 a mita, tsakuwa a ƙasa, bututu mai inci 4 da aka huhhuda, hujin na kallon ƙasa, sai tsakuwa a sama. A rufe tsakuwar da ƙyalle mai tace ruwa, in ba haka ba yashi zai toshe ta a damina ɗaya. Ramin da zai shanye ruwan da bututun ya kwaso ya yi nisan mita 5 daga gini. Kuma don Allah kada ka juya wa maƙwabci ruwa, ƙarshenta gaban mai unguwa za a je.

A gandun dashe, ɗaga ledoji daga ƙasa, a kan bulo ko tsakuwa, ka ƙara musu huji a gindi da gefe. Haɗin cikin leda ya zama yashi kashi biyu, ƙasa ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya. Ɗanyen taki da danshi su ke kawo cutar da ke karya tsiro daga wuya. Ba su tazara iska ta ratsa. Yuriya kuwa kada a watsa ta ana shirin ruwa, wankewa za ta yi. Raba ta kaɗan-kaɗan bayan an ɗauke.

Ciyawar kafet da kiri-kiri suna tofo da sauri a wannan lokaci, amma kada a sa injin yankan ciyawa a jiƙaƙƙen fili: yana yagar ciyawa, tayarsa na danne ƙasa. In ta sha iska, a yanke kashi ɗaya cikin uku na tsawonta kawai. Hanyar baro a shimfiɗa katako. Aya-aya a tone ta da 'ya'yanta, yanke kai banza ne.

Sai batun kuɗi, inda yawanci ake ɓatawa. Yashi da tsakuwa a sauke su tun kafin Yuli, don in hanyar ƙauye ta caɓe tifa ba ta shiga, wadda ta shiga kuma kuɗinta daban. Leburori a yi jinga da su maimakon biyan yini, tunda hadari na iya tashin aiki da hantsi. Aikin siminti da shimfiɗa intalok, wato bulon daɓen tsakar gida, a bar su sai an sami sarari, jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta dannuwa, bayan wata biyu wurin zai lotsa. Hasashen damina da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitarwa farkon shekara, a riƙa dubawa kafin a yanka wa mutum ranar gama aiki. A takardar yarjejeniya kuma a rubuta kuɗin magudana daban da na shuka, a karɓi kafin alƙalamin da zai sayi kaya. In Alhaji ya ce shi furanni kawai yake so, magudana ta jira, to a rubuta a gaban shaida cewa duk abin da ruwa ya kashe ba kai za ka maye ba, ko kuma a ɗage dashen zuwa tsakiyar Satumba.