Shekarar da Fafaroma Ya Zama Biyu, Sannan Ya Zama Uku

Watan Afrilu ne na shekarar 1378, a birnin Rum. An kulle manyan limaman Katolika su 16, waɗanda ake kira kadinal, a fadar Vatican domin su zaɓi sabon Fafaroma. A waje kuwa gari ya cika ya batse. Mutane na ta ihu da murya ɗaya: ɗan Rum muke so, in ba a samu ba, to ɗan Italiya.

Me ya harzuƙa su haka? Tun 1309 fafaromomi suka bar Rum suka tare a Avignon, a kudancin Faransa ta yau. Guda bakwai aka yi a jere, dukkansu Faransawa. Alhazan coci da kuɗinsu suka ragu a Rum, kasuwa ta mutu, gine-gine suka lalace. Sai a 1377 Fafaroma Gregory na 11 ya komo da kujerar gida, kuma bai yi nisa ba ya rasu a watan Maris na 1378. Daga cikin limaman nan 16 da aka kulle, 11 Faransawa ne. Mutanen Rum sun san idan aka sake zaɓen Bafaranshe, kujera ta tafi ke nan.

Ranar 8 ga Afrilu limaman suka tsayar da Bartolomeo Prignano, babban bishop na Bari. Ɗan Italiya ne, amma ba ɗan Rum ba, kuma shi ba kadinal ba ne, saboda haka ba ya cikin ɗakin. Kafin a sanar, taron ya fasa ƙofa ya kutsa. Don tsira da rai, limaman suka kamo wani tsoho a cikinsu, Tebaldeschi, ɗan asalin Rum, suka yafa masa alkyabbar Fafaroma suka ɗora shi a kan kujera. Tsohon na ta cewa ba shi ba ne, mutane na ta rububin gaishe shi, sauran kuma suka sulale.

Da ƙura ta lafa aka naɗa Prignano da sunan Urban na 6. Ku riƙe wannan, domin nan ne gizo ke saƙa: limaman nan sun halarci naɗin, sun yi masa mubaya'a, sun aika wa sarakunan Turai wasiƙu cewa an yi sabon Fafaroma, har sun nemi alfarma a wurinsa.

Sai dai mutumin da suka sani a matsayin ma'aikacin ofis mai natsuwa, yana hawa kujera ya rikiɗe. Ya riƙa zazzage su a bainar jama'a, yana zarginsu da cin hanci da son duniya. Gaskiya akwai abin faɗa a kansu, amma shi bakinsa ba linzami. Da zafi ya shigo, suka fake da cewa iskar Rum ba ta yi musu, suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya zuwa garin Anagni. A watan Agusta suka fitar da sanarwa cewa zaɓen Afrilu bai inganta ba, domin a cikin tsoron mutuwa suka yi shi. Ranar 20 ga Satumba, a Fondi, suka zaɓi Robert na Geneva, wanda ya ɗauki sunan Clement na 7. Shi ma ba kanwar lasa ba ne. Shekara guda kafin nan, sojojin haya da ke ƙarƙashinsa sun yi wa mutanen Cesena kisan kiyashi.

An sha yin fafaromomin hamayya a baya, amma galibi wani sarki ne ke kafa nasa. Wannan karon masu zaɓen da doka ta sani, su ne suka zaɓi na farko, su ne kuma suka zaɓi na biyu. Kuma a dokar coci babu alƙalin da ke sama da Fafaroma. To wa za a kai wa ƙara?

Sai kowace ƙasa ta duba inda maslaharta take. Faransa ta bi Clement, wanda ya koma Avignon. Ingila, da ke cikin dogon yaƙi da Faransa, ta bi Urban. Sikotland, abokiyar gabar Ingila, ta bi Clement. Yawancin ƙasashen Jamus, da Hungary da Poland, suka tsaya da Rum. Hatta waɗanda cocin ta ɗauka waliyyai daga baya sun rabu: Catherine ta Siena na bayan Urban, Vincent Ferrer na bayan Avignon. Kowane Fafaroma ya yi wa ɗan'uwansa korar kare daga coci, kowanne yana karɓar haraji.

Mutuwa ma ba ta raba gardamar ba. Urban ya rasu a 1389, aka maye gurbinsa. Clement ya rasu a 1394, mutanensa suka zaɓi Pedro de Luna, ɗan Aragon, wato Benedict na 13. Ya yi alkawarin sauka idan hakan zai haɗa kan coci, amma da ya hau sai ya kafe. Faransa ta janye masa biyayya a 1398, aka yi wa fadarsa ƙawanya, ya tsere a 1403.

A 1409 limamai daga ɓangarorin biyu suka haɗu a Pisa, suka tsige duka biyun, suka zaɓi Alexander na 5. Waɗanda aka tsige suka ce ba su san zancen ba. Garin neman gira aka rasa ido, Fafaroma ya zama uku.

Sigismund, sarkin Jamus, shi ya matsa aka kira babban taron coci a Konstanz, a kudancin Jamus, a 1414. John na 23, magajin Alexander, ya zo da tawagar bishop-bishop na Italiya yana tsammanin za a tabbatar da shi. Sai aka ce ƙuri'a ƙasa-ƙasa za a yi, ba kai-kai ba, yawansu ya tashi a banza. A watan Maris na 1415 ya ɓad da kama ya gudu daga gari. Taron ya ce ikonsa daga Almasihu yake kai tsaye, kuma ko Fafaroma dole ya bi. Aka kamo John aka tsige shi. Gregory na 12, Fafaroman ɓangaren Rum a lokacin, ya nemi a bar shi ya kira taron da sunansa tukuna, aka yarda, sannan ya yi murabus a watan Yuli. Daga shi ba a sake samun Fafaroman da ya ajiye muƙami ba sai Benedict na 16 a 2013.

Ranar 11 ga Nuwamba 1417, kadinal 23 da wakilan ƙasashe 30 suka zaɓi Oddone Colonna, ɗan Rum, ya zama Martin na 5. Benedict na 13 kuwa, ko da aka tsige shi, bai sauka ba. Ya shige wata ganuwa a kan dutse a bakin teku, a Peñíscola ta ƙasar Sifaniya, da 'yan tsirarun mabiya. A can ya rasu a 1423, yana da shekara sama da 90, yana nan a kan cewa shi ne Fafaroma.